Ramuka Uku a Gindin Ɗakin Tankari

Ku samarin fadar nan ta ƙofar gidana, na ji abin da kuka ce shekaranjiya ina wucewa da buhun kayan aikina. Ɗayanku ya ce ai ginin dutse ba sana'a ba ce, ɗora wannan kan wancan ne, ko jaki aka ba hannu zai yi. Kuka yi dariya, kuka ci gaba da kaɗa shayinku. Na wuce abina, don ni ma na taɓa faɗin wannan maganar, kuma ni ba a fada na faɗe ta ba, a gaban matan gari guda na faɗa, ina tsaye a kan tulin yashi. Sunana Nomau. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina ɗora wannan kan wancan a ƙasar Buza da Keita har zuwa Madawa. Tun da kun ce aikin jaki ne, ku bari jakin ya ba ku labari.

Katangar farko da na ɗora da hannuna ta garken awaki ce a Tabotaki. Kafin ita na yi shekara guda cur ina bin kawuna Arzika, wanda ya koya mini aikin, bai bar ni na taɓa laka ba. Aikina zaɓen dutse. Amalanke ya juye tuli, ni kuma in zauna cikin rana ina juya su ɗaya bayan ɗaya ina warewa. Manya masu faɗi na gindi ne, masu baki a miƙe na kusurwa, ƙanana na cikon tsakiya, sai dogaye waɗanda ake shimfiɗawa su ratsa kaurin katanga su ɗaure ciki da waje. Kawu ya ce kowane dutse yana da fuska da wutsiya, fuskar ta kalli waje, wutsiyar ta shige ciki, kuma inda biyu suka haɗu sai na sama ya zauna a kan haɗin ya danne shi. Ranar da ya sakar mini garken nan na yi kwana huɗu a kansa. Na zaɓi kyawawan fuskoki na jera, katanga ta fito sumul, har mai awakin yana sa mini albarka. Kawu ya zo ya zagaya ta, sannan ya ɗora ƙafa a tsakiya ya tura kaɗan. Rabin waje ya zube waje, rabin ciki ya zube ciki, don ban sa dogo ko ɗaya ba, na ga suna ɓata mini layi. Awakin suka fice ta kan aikina suka nufi gonar waken maƙwabci.

Kayan aikin Kawu ba su cika buhu ba. Guduma biyu, babba ta fasa dutse da ƙarama ta gyara masa baki, zare da ƙusa, hauyar kwaɓa laka, sai wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Lakar sai an kwaɓa ta da ƙaiƙayin hatsi, a bar ta kwana huɗu ko biyar ana taka ta kullum safe, idan ba ta fara wari ba to ba ta yi ba. Ƙwaryar ce abin da ya fi ba ni kunya. Duk inda aka kira mu, sabon gini ne ko gyara, kafin ya taɓa dutse sai ya cika ta da ruwa, ya hau inda ya fi tudu a wurin, ya tsiyaya a hankali, sannan ya bi ruwan a sunkuye yana duba inda ya nufa. Wani lokaci sai ya yi ƙwarya goma, a garin da mata ke cinye safiya guda kafin su kai rijiya su dawo. Mutane su taru suna kallon dattijo yana bin ruwa kamar ya yar da allura, ni kuma in koma gefe in yi kamar ba tare muka zo ba. Na taɓa tambayarsa amfanin abin. Ya ce ƙasarmu duk gangare ce, ruwan damana daga kan tsauni yake saukowa, yana da hanyarsa tun kafin a haifi mai gidan, don haka gara magini ya san ta.

Wani mutum a Urno ya taɓa nuna mana tsakiyar hanyar ruwa ya ce nan yake son ɗaki, don daga ƙofar surukinsa za a riƙa hango shi. Kawu ya tsiyaya ƙwarya ɗaya, ruwan ya bi ta tsakanin ƙafafun mutumin, muka ɗaure kayanmu muka tafi ko furar ba mu tsaya sha ba. Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai ƴan cin rani masu dawowa da rediyo, su ce a yi musu dutse ta baya inda ba mai gani, gaba kuma a shafe da siminti a zana layi-layi ya yi kama da birgi, wato bulo. Akwai mai jawo kujera ya zauna a inuwa yana zaɓa maka dutse da leɓe. Kawu yakan ɗauki wanda aka nuna masa, ya yi godiya, ya ajiye shi gefe, ya sa wanda ya yi niyya.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana shirin fidda kai. Ba mai gina ɗaki da ciki wayam. Wata takwas ba wanda ya kira mu ko toshe ɓaraka. Mutane suka koma ganyen tafasa da anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Kawu ya sayar da jakinsa, sannan amalanken. Ni kuma na hau kamyo, babbar motar kaya, na bi ƴan garinmu Abijan, na shiga ɗaukar kwanon siminti a manyan gine-gine, har aka yarda na riƙe cokali. Shekara shida na yi. Ina can Kawu ya rasu, aka ajiye mini gudumominsa da ƙwaryar.

Na dawo gida da cokalin gini na ƙarfe, da tabarau wanda ba na magani ba, da gemu, da Faransancin da bai kai kalma talatin ba amma nake kashe shi kamar ɗari uku. Abin da ya fi komai shi ne nibo, katakon nan mai ƙwayar ruwa a cikin gilashi da ke nuna maka ko gini ya miƙe. Ko gaisuwar mutuwa za ni yana rataye a kafaɗata. Na daina amsa magini, sai an ce maso. Ƙwaryar Kawu kuwa na ajiye wa kaji suna shan ruwa.

A cikin wannan hali aka kira ni gyaran ɗakin dutse. Garin yana tsakanin Deule da Tabotaki, a gindin tsauni. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba na so ku je ku ji labarin daga bakinsu, sun fi ni iya ba da shi. Ɗakin ya girmi kowa a garin. Wai wani Tankari ya gina shi, kakan kakannin gidan da suka fara saran dajin wurin, tun suna Azna, kafin su kama salla. Ya haƙa cikin gangaren tsaunin ya jingina bangon baya da ƙasa, yadda mai saukowa daga sama sai ya taka rufin bai sani ba. A nan gari ke ɓoye iri idan mahara suka taso. Da Nasara ya zo ya tilasta rumbun tsimi, nan aka riƙa tara hatsin. Daga baya an yi lakkol a ciki, wato makarantar boko, shekara biyu kafin a gina aji, sannan rufin ya rufta, wurin ya zama na awaki da jemagu. Amma bangon yana tsaye, kaurinsa kamu biyu, baƙin dutse da laka, kusurwoyin kamar jiya aka ɗaure su. Na ɗora nibo a kai don in kama Tankari da laifi, ƙwayar ruwan ta tsaya a tsakiya cak. Na ce a raina sa'a ya ci.

Matan garin ne suka kira ni, shugabarsu Habsu. Yunwar da ta kore ni Abijan su a gida suka sha ta, kuma ba su manta ba. Kowace tana da gamana, ƴar gonarta ta kanta, amma hatsin gamana ba ya kai damana, biki ya ɗiba, baƙi su ɗiba, mai gida ya ɗiba ya kai kasuwa ya ce gobe zai yi bayani. Sai suka shirya a gyara ɗakin, kowace ta kawo buhunta da ƙyalle ɗaure a baki don shaida, a rufe da kwaɗo biyu. Ba za a buɗe ba sai tsakiyar damana, lokacin noma na biyu, sa'ad da rumbuna suka ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba. Wannan hatsin shi ne zai raba ƴaƴansu da anza. Su suka ɗauko mini yashi a ka daga kwari, su suka ja ruwa, su suka taka laka da ƙafafunsu.

Aikin sama na yi shi da kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Na sauke jeri uku na saman bango da ruwa ya ci, na mayar da kowane dutse mazauninsa, na sa dogaye inda ya kamata, don awakin Tabotaki ba su bar ni na manta ba. Na jera azara, na shimfiɗa kara, na zuba laka hawa biyu, na kafa indararo huɗu. Da na sauko ƙasa ne maso ya karɓi aikin daga hannun magini. Daɓen ɗakin faffaɗan duwatsu ne a shimfiɗe, na ga sun yi ƙauyanci, na malale su da siminti na goge har yana ƙyalli. Na ce wa matan ba sai sun sa itace a ƙarƙashin buhuna ba, wannan daɓen Abijan ne.

Sai ramukan. Uku ne, a gindin bangon gaba wanda ke kallon gangare, dab da ƙasa, kowanne hannu zai shiga. Ba ɓaraka ba ce, don an yi wa kowanne baki da dutse huɗu, da gangan aka bar su. Na leƙa ban ga komai ba sai duhu, da wani sanyi-sanyi da ke fitowa. Na tambayi Habsu, ta ce tun tana yarinya ake ce musu ramun Tankari, kuma akwai wadda ta fi ta sani.

Wadda ta fi ta sanin ita ce Inna Tsahara, tsohuwa daga zuriyar Tankari, ta haura tamanin, carbinta kullum a wuya. Tun da na fara aikin take zuwa da hantsi ta zauna a kan wani dutse tana kallona, ba ta ce mini komai sai sannu. Ranar da na kwaɓa simintin ramukan ta taso ta tsaya a kaina.

"Magini, mi za ka yi ma ramun ga?"

Na ce mata maso ake cewa, kuma toshe su zan yi.

"Bar su, ɗana. Ba a toshe su."

Na tambaye ta dalili. Ta ce kakarta, duk shekara idan hadarin farko ya taso, takan zo da wata doguwar gora mai ƙugiya a baki, ta zura a kowane rami har ta ƙure, ta jawo abin da ya taru, ƙasa da tsakuwa da sheƙar ɓera, sannan ta zuba gumba a bakin ramin ta ce na ƙasa su sha. Da kakar ta rasu uwarta ta ci gaba, ita ma ta gada. Gumbar ta daɗe da dainawa, tun da ta ji wa'azi ta gane ba kyau, amma gorar ba ta taɓa tsallake shekara ba, ko sa'ad da ɗakin yake na awaki.

A duk wannan bayani kunnena abu biyu ya ɗauka, gumba da na ƙasa. Na miƙe, na hau kan tulin yashi, na gyara tabarau. Mata suna tsaye da tuluna a ka. Na ce musu zamanin tsafi ya wuce. Na ce a Abijan na gina bene mai hawa bakwai ban bar wa aljani ƙofa ko ɗaya ba, alhali kwano na ɗauka a benen. Na ce ta ramukan nan ɓera zai shiga, maciji ya biyo shi. Na ce ginin mutanen da ba wani ilimi ba ne, ɗora wannan kan wancan ne kawai. Wasu matan suka gyaɗa kai, don tsoron ɓera gaskiya ne. Habsu ta rasa bayan wa za ta bi, ta je ta tambayi limamin garin. Liman ya ce zuba gumba dai bai halatta ba, amma shi bai san gini ba, kuma bai ga laifin da rami ya yi ba. Na ɗauki rabin fatawar da ya yi mini daɗi na bar sauran.

Inna Tsahara ta dube ni ta ce, "Ni dai na hwaɗi." Ta koma kan dutsenta ta zauna, tana kallo na cusa siminti da tsakuwa a kowane rami har gwiwar hannu. Na shafe bakunan sumul. Na tsakiyar kuma, tun yana ɗanye, na ɗauki ƙusa na rubuta sunana a kai, na ƙara da maso a ƙasa.

Ranar zuba hatsi an yi guɗa. A garin nan babba ake fara ba hanya a komai, don haka buhun Inna Tsahara aka fara shigarwa, jikokinta suka ɗauko mata. Sai na sauran tsofaffi, bi da bi. Nasu ya zauna a ƙasa, jingine da bangon baya, na matasan mata aka ɗora a sama. Habsu ta datse kwaɗo biyu, aka ba ni ɗan akuya tukuici, na tafi ina jin ko a Tawa ba a yi maso kamata ba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya sauka, ba abin da ya faru. Duk kasuwar da na ci sai na ba da labarin tsohuwa da ramukan aljanu, har na iya kwaikwayon muryarta. Sai malka ta kama, kwana uku ruwa bai ɗaga ba. Ina Buza ina ginin wani shago mijin Habsu ya zo a kan moto, wato babur, jiƙe sharkaf. Bai ko sauka ba, ya ce in ɗauko kayana in hau.

Mun isa da azahar, ana yayyafi. Ƙofar ɗakin a buɗe take, alhali saura kwana ashirin lokacin buɗe ta. Tun daga nesa na ji tsami irin na ƙullun da ya kwana. Ciki ruwa ne har idon sawu. Buhunan ƙasa sun kumbura, wasu sun fashe, fararen saiwoyin hatsi sun ɓullo ta jikin buhu. Bangon baya, wanda ya tsaya a miƙe tun zamanin mahara, ya yi ciki ya turo. Mata sun yi layi suna fitar da buhunan sama a ka suna kai wa zauren mai gari. Ba wadda ta zage ni, da ma sun zage ni da na fi jin daɗi. Don rashin abin yi na ciro nibo na ɗora a bangon, ƙwayar ruwan ta gudu ta maƙale a ƙarshen gilashi. Na ce watakila rufin ne ke yoyo. Habsu ta nuna mini sama da yatsa, karan rufin a bushe yake ƙayau.

Ina tsaye a nan Inna Tsahara ta iso, zaninta a jiƙe, tana dogara doguwar gorar nan mai ƙugiya. Ta bi ta gabana ta fita waje, ta tsaya a gindin bangon gaba. Na bi ta. Ta nuna ramin tsakiya da bakin gorar.

"Sunanka na bisa. Kai za ka buɗe."

Gora ba ta fasa siminti. Allah ya sa babbar gudumar Kawu tana cikin buhuna, da wani turun ƙarfe. Ramukan a ƙasa suke, ba yadda za a yi aikin a tsaye ko a tsugune, sai na kwanta rub da ciki a cikin taɓo, matan gari suna zagaye da ni. Zan gaya muku gaskiya, a duk rayuwata ban taɓa kwaɓa siminti mai kyau kamar wannan ba. Daga azahar har la'asar ina dukansa. Sunana na fara fasawa, harafi bayan harafi, sannan maso. Hannuna ya fashe, jini yana bin turun. Can na ji ƙarfen ya zurma, kafin in kau da kai toshiyar ta yi tsalle, jan ruwa ya fito da ƙarfi ya doke ni a fuska, ya cika mini baki da hanci, ya tafi da tabarau. Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, sai duk suka ɗauka, har masu hawaye a ido, har Inna Tsahara. Na goge fuska na ja ciki zuwa rami na biyu. Kafin magariba na buɗe duka ukun, Inna Tsahara ta miƙo mini gorar na zura na jawo laka. Kwana biyu ramukan suna zubar da ruwa, ɗakin ya tsane.

Na tokare bangon da itatuwa, bayan kaka na dawo na sauke shi don in sake ɗorawa. A nan na ga abin da Tankari ya yi. Tsakanin bangon da ƙasar tsauni ya cika da sakakkun duwatsu, ba laka ko kaɗan, faɗin hannu guda, tun daga sama har ƙasa. Ruwan da ya tsatso daga tsauni ta cikinsu yake sauka. Da na fasa daɓen Abijan ɗina na ɗaga shimfiɗaɗɗun duwatsun, sai ga hanyoyi uku a ƙarƙashi, an jere musu gefe da dutse, sun gangara a hankali daga baya zuwa gaba, kowace ta fita ta raminta. Shekara da shekaru ruwan tsaunin nan yana bi ta ƙarƙashin hatsin gari yana wucewa, ba wanda ya sani, sai da na zo da ilimi. Na zauna a bakin hanyar tsakiya na daɗe. Mutumin nan ba shi da nibo, amma na tabbata yana da ƙwarya, kuma da na tsiyaya ko guda ɗaya a bayan ɗakin ranar da na fara zuwa, da na ga inda ta fito.

Abin da ya lalace buhunan ƙasa ne, na tsofaffi goma sha ɗaya. An shanya abin da zai shanyu, amma hatsin da ya yi tsiro ya yi tsami ba ya tuwo. Matasan matan suka ɗebi nasu suka raba wa tsofaffin, don haka ba wadda nata ya kai ta sabon hatsi. A wannan shekara ruwa ya yi kyau, gonaki sun yi kyau, amma yaran garin nan sun ci anza wajen kwana ashirin, kuma ni na ciyar da su ita. Wannan ba na iya mayar da shi abin dariya, na gwada.

A cikin kwanakin nan na je gaida Inna Tsahara. Na tarar da ita a ƙofar ɗakinta tana sauya wa anza ruwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ta fito da kunu a ƙoƙo, na ruɓaɓɓen hatsinta ne, shi kaɗai gare ta, kuma baƙo ba ya tafiya haka. Na ce na ƙoshi. Ta ce in sha. Na sha, tsami da ɗaci da warin rima, na shanye har ƙasa tana kallona. Sannan na tambaye ta abin da ya kawo ni, ko ta san ramukan na ruwa ne, ta bar ni na yi ta surutu.

"Ban san ba," in ji ta. "Kaka ba ta ce min ruwa ba, na ƙasa tac ce. Na ga ta zura gora, ni ma nis shiga zurawa. Kai da kat tahi Abijan, su ba su hwaɗa maka ba?"

Na ce ba su faɗa mini ba. Ban gaya mata kawuna ya faɗa mini shekara bakwai yana faɗa ba.

Bayan shekara biyu ta aiko a kira ni, tana kwance. Gorar tana jingine a bango. Jikokinta duk sun ƙi karɓa, suna tsoron a ce gidansu sun koma tsafi. Ta ce in ɗauka. Na ce Inna, ni da na toshe su? Ta ce, "Don hakanan. Dut garin ga kai ɗai ne ba ka mancewa." Ba ta ga damanar shekarar ba.

Har yanzu mata suna zuba hatsinsu a ɗakin, a fara da tsofaffi, sai dai yanzu a kan itace, kuma bakin kowane rami na sa ragar ƙarfe saboda ɓera, wadda ake cirewa. Nibo yana nan, ina aiki da shi, kayan aiki ne mai kyau idan mai shi yana da hankali. Ƙwaryar Kawu na karɓe ta daga hannun kaji, na sake mata ɗinki. Duk shekara idan hadarin farko ya taso daga gabas, ko ina tsakiyar aikin wani, sai in ajiye in hau moto da gora a kafaɗa. Matan garin suna ce mini Sarkin Rami, wasu mazan kuma suna raɗa wai maso mai gemu ya gaji aikin Azna. 

Nakan kwanta rub da ciki in zura gorar har ta ƙure, in jawo ƙasa da tsakuwa, rami bayan rami. Sannan in hau bayan ɗakin in tsiyaya ƙwarya goma a kan sakakkun duwatsun, in sauko da irin gudun da ya rage wa mai shekaruna, in sake kwanciya a bakin ramin tsakiya in jira. Ruwan yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa ƙarƙashin ɗakin. A cikin jiran nan, duk shekara, ɗanɗanon kunun Inna Tsahara yake dawo mini a baki, kuma ba ya tafiya sai na ga bakin dutsen ya jiƙe.